Wa Ya Ƙera Wuƙar Bayajidda?

Babu ɗan Daura, babba ko yaro, da ba zai iya kawo maka labarin Bayajidda ba, ko da daga barci ka tashe shi. Baƙo ne ya iso gari da dare a gajiye, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa ai a garin nan ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ta tare a rijiyar Kusugu. Ya ari guga, ya tafi ya zura, macijiya ta riƙe, ya jawo ta ya sare mata kai. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta sa a nemo wanda ya yi wannan aiki. Sauran zancen, na aure da haihuwar Bawo da asalin Hausa Bakwai, tun muna firamare aka karanta mana shi.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan ko wannan labari tarihi ne ko hikaya, kuma na bar musu fagensu. Ni abin da ya tsaya mini a rai a wannan mako shi ne mutanen da labarin ya bi ta kansu ya wuce. Ruwayar ta ce kafin baƙon ya iso Daura ya biya ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Ba a kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Rijiyar ma ai ba daga sama ta faɗo ba. Wani ne ya shiga rami ya haƙa ta, wani kuma yana daga baki yana jan ƙasa. Gugan da Ayana ta ba da aro wani ne ya ɗinka shi, igiyarsa wani ne ya zauna ya tufka ta. Ka cire waɗannan mutane daga cikin labarin, sai ka ga jarumi tsaye a fili da hannu biyu, babu rijiya, babu guga, babu makami.

Akwai kuma wata gaɓa da masu ba da labarin kan faɗa suna dariya. Wai da aka yi shelar cewa wanda ya kashe macijiya zai sami rabin gari, sai mazaje suka yi ta tururuwa fada, kowa na cewa shi ne, har sai da aka ce mai gaskiya ya kawo kanta. A wurina wannan gaɓa ta fi kowace kama da gaskiya, domin har gobe muna ganin irinta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Garin da ruwa ne tushen labarinsa, a yau wa ke kai ruwa gidajensa? A unguwanni da yawa na Daura, kamar yadda yake a Katsina da Kano, ba famfo ba ne. Ɗan ga-ruwa ne, wanda ke tura kura daga rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gida. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Jarka mai cin lita 25 nauyinta kilo 25 ne in ta cika. Kura mai jarka goma sha biyu ta zama kilo 300 ke nan, ban da nauyin ƙarfen da tayoyin. Wannan kaya mutum ɗaya ke tura shi a cikin rairayi, a zafin watan Afrilu, wani lokaci da azumi a bakinsa, sawu bayan sawu har rana ta faɗi. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukanmu da kuma ƙetaren iyaka a Nijar. Da ruwan da ya kawo ake dafa tuwo, da shi ake wanke jariri, da shi liman ke alwala. Amma a gidan da ya shekara uku yana kai wa ruwa, sau nawa aka taɓa tambayar sunansa? “Kai mai ruwa!” Haka yaro ɗan shekara goma zai ƙwala wa dattijo mai furfura kira, uban yaron yana zaune a zaure yana ji, bai ce masa kul ba.

Ba na cikin masu cewa Bahaushe bai san darajar sana'a ba tun asali. Al'ummar da ta naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina da Sarkin Noma, ta ba su rawani da wurin zama a fada, ba za a ce ba ta san amfaninsu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar mulki da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a a cikin wajiban shugaba. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da massaƙa da masu magani, ya nemi a tabbatar kowane gari yana da nasa gwargwadon buƙata. Wannan magana ta kai shekara ɗari biyu, kuma a maƙwabtanmu aka karanta ta.

Sai dai sanin amfanin mutum daban, girmama shi daban. Manomi ya san amfanin jakinsa. Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau da Daura, kuma littafinsa a kan Daura ya fito a 1978, ya taɓa zana tsanin daraja na Hausawa kamar yadda ya same shi. Masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai tarin manoma da masu sana'ar hannu, can ƙasa kuma makaɗa da mahauta da barorin gida da 'yan dako. Ya kuma lura cewa ko a cikin sana'a guda, wanda ya gada yana gaban wanda ya shigo daga baya, wato ɗan gado da shigege. Idan ka dubi tsanin nan da kyau za ka ga wani abin mamaki. Iya nisan mutum da gumi da jini da ƙura, iya tsawon rawaninsa.

Wannan hali yana da saiwa. Ƙarnoni da dama aikin wahala a gandayen sarakuna da rinjin attajirai bayi ne ke yin sa, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Kakannin wasunmu sun riski zamanin. Turawa da suka zo da da'awar 'yanta bayi, su ma sai suka kawo nasu salon. Da aikin tilas aka shimfiɗa hanyoyi, aka kai layin dogo Kano a 1911, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, aka riƙa kwasar mazaje daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutane da yawa ba su dawo ba. A wannan zamani ne kalmar lebura ta shigo bakinmu, ta shigo kuma da ƙasƙanci a goye. Sannan boko ya zo ya nuna wa kowa cewa hanyar tsira ita ce farar riga da alƙalami da kujera. Uba ya kai ɗansa makaranta ba don ya fi shi iya noma ko ƙira ba, sai don kada ya taɓa fartanya ko masaba har abada. Uban bai yi laifi ba, abin da ya gani ya yi aiki da shi.

Duk mai son ya san matsayin wata sana'a a wurinmu, kada ya saurari jawabin ranar taro, ya jira ranar neman aure. Har yanzu akwai gidajen da za a yaba wa saurayi addini da hankali da abin hannu, amma da zarar bincike ya nuna kakansa mahauci ne ko wanzami ko makaɗi, sai magana ta fara sanyi, a koma cewa yarinya an riga an yi mata miji. Naman mahaucin kuwa shi ne a tukunyar gidan a wannan daren. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu da muke tinƙaho da mazhabar Malikiyya, sanannen ra'ayinta a kan dacewar ma'aurata ya rataya ne ga addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba ga sana'ar kaka ba. Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa, kuma daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya kafinta ne. Fiyayyen halitta, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada kaɗan. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi jimar fata take yi da hannunta ta yi sadaka da kuɗin. Duk mun san wannan, muna kuma jin sa a wa'azi kowace shekara. Ilimin ne bai gangaro daga mumbari zuwa zaure ba.

Mu bar aure mu koma kuɗi, domin a nan ne ciwon yake. Nijeriya ta fara dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin gama-gari, aka tsayar da Naira 125. A watan Afrilun 2019 ɗan garinmu, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan Naira 30,000. A watan Yulin 2024 aka mai da shi Naira 70,000. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka kai ruwa rana kafin a same shi, kuma ma'aikatan gwamnati sun cancanci fiye da haka, musamman bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Amma mutum nawa ne suka karanta waɗanda dokar ta ware? Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi wanda ake biya a kan kamasho ko gwargwadon abin da ya yi ba. Ba ta shafi aikin da ke bin yanayi, irin na gona, ba. To, ɗauki wannan ma'auni ka zaga da shi Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Ɓaure, ka gaya mini mutum nawa suka rage a ƙarƙashin inuwarta. Ɗan ƙodago da ke nome gonar wani da damina ba ya ciki. Yaron shago ba ya ciki. Leburan gini da mai wanki da guga da mai gadin gida ba sa ciki. Malamar ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa ma, wadda ke da takardar shaidar koyarwa, sau da yawa ba ta ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna cikin ayyukan da ba su da rajista ko tsari na hukuma. Ashe dokar rumfa ce da ta rufe 'yan kaɗan, saura suna rana.

Haka ma ranar ma'aikata. Gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta mai da 1 ga Mayu ranar hutu a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Ranar kan zo, ƙungiyoyi su yi anko su yi fareti, a karanta jawabai. Ɗan dako a kasuwar Mai'adua bai san ana yi ba, domin ranar da bai ɗauki kaya ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, an yi ta lissafin asarar manyan 'yan kasuwa. Wanda ya fara kwana da yunwa kuwa shi ne mai loda kaya da sauke su a Kwangwalam, kuma shi babu ƙungiyar da ta kira taron manema labarai dominsa.

Tun da doka ba ta kai gare su ba, abin da ya rage wa waɗannan bayin Allah shi ne imanin wanda ya sa su aiki. A nan kuma muna da wata cuta da ake kira “dawo gobe”. Na taɓa zama a zauren wani mai hali, wani magini ya yi sallama, ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar mai neman taimako, alhali cikon kuɗin katangar da ya gama makonni da suka wuce ya zo karɓa. Aka ce masa Alhaji yana da baƙi. Ya ce to, Allah Ya ƙara girma, ya fita. Ban manta da yadda ya saɓa takalmansa a hannu ba sai da ya kai waje. Kuɗin da yake bi bai kai na naman da aka kawo wa baƙin ba. Abin da ya fi jinkirin muni shi ne yadda aka mai da hakki ya zama alfarma, har mai shi yana jin kunyar tambaya, in ya matsa a ce ba shi da ladabi, gobe kuma ba za a kira shi wani aikin ba. Hadisi ya yi umarni a biya ɗan ƙodago tun guminsa bai bushe ba. Wani kuma, a cikin Buhari, ya sanya wanda ya sa mutum aiki ya hana shi lada a cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Malaman fiƙihu sun shardanta a san lada kafin a fara aiki. Mu kuwa sai mu ce, “Kai dai yi, ai ba za mu ɓata ba.” A wannan jimla ake binne hakkin mutane da yawa.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce to su masu sana'ar fa? Tela ya karɓi ɗinkin Salla tun farkon azumi, ranar jajibiri ya kashe waya. Makanike ya cire sabon ƙarfe ya sa tsoho. Magini ya rage siminti. Duk ana yi, kuma wanda ya ci amanar sana'arsa shi ya fara zubar mata da mutunci. Amma a lura da yadda abin ke zagayawa. Telan da ya san rabin masu kawo masa ɗinki ba za su biya a kan kari ba, shi ne ke karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa don ya cike giɓi. Inda ba a biyan gwani daidai da gwanintarsa, gwanaye kan watse, a bar fagen ga 'yan kama-wuri-zauna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mata kuma nasu ya fi ɓoyuwa, domin a bayan katanga ake yin sa. Mai ƙuli-ƙuli da mai dakan fura da mai saƙar faifai da mai ɗinkin hula, wadda za ta yi makonni tana cin ido da allura, dillali ya saye a wulaƙance ya kai birni ya ninka. Ga 'yan aikatau, ƙananan yara mata da ake ɗauka daga ƙauye a kai gidajen birni, su ne farkon tashi, su ne ƙarshen kwanciya, kuɗin kuma ba a hannunsu yake faɗawa ba. Idan aka tambayi maigida aikin matarsa, sai ya ce ba ta aikin komai, alhali da cinikinta aka yi wa 'yarsa kayan ɗaki.

Me ya sa na ɗauko wannan magana yanzu? Domin Daura ta canza a cikin 'yan shekarun nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kuma ta nan zai ratsa. Duk waɗannan abubuwa ba da takarda kaɗai suke tafiya ba. Suna buƙatar mai walda da mai haɗa wutar lantarki da mai gyaran inji da mai aikin famfo, na yau da na shekara talatin masu zuwa. Kullum manya na yi wa matasa faɗa su daina jiran aikin gwamnati su kama sana'a. Nasihar daidai ce, amma matashi ba kunne kaɗai gare shi ba, yana da ido. Ya ga yadda aka sallami magini daga zaure, ya kuma ga yadda aka tashi tsaye aka tarbi ɗan koren ɗan siyasa da ba a san sana'arsa ba. Wanne kake tsammani zai zaɓa? A Jamus, yaro kan raba makonsa tsakanin makaranta da masana'anta, ana biyan sa tun yana koyo, kuma takardar ƙwarewar babban mai sana'a tana da nauyi a idon hukuma da jama'a. Shi ya sa ba sa buƙatar yi wa 'ya'yansu dogon wa'azi.

Mu ma ba mu rasa abin kamawa ba. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ke auna ƙwarewar wanda ya koyi sana'a a wajen aji, a ba shi shaida. Me zai hana kwalejinmu ta buɗe wannan ƙofa sosai ga makanikan da ya shekara ashirin a gareji, har ma ta gayyato tsohon maƙeri ya tsaya gaban ɗalibai a kira shi malam, a kuma biya shi kamar malam? Fada ma tana da rawar takawa. Sarakunan sana'a da Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ke da su a ƙarƙashinsa sun fi ƙarfin ado a ranar hawan Salla ko Sallar Gani. Da za a ba su hurumin sauraron ƙarar ladan aiki, a sa rana guda a mako, hakimi ko dagaci ya mara musu baya, da leburan da ba shi da kuɗin zuwa kotu ya sami inda zai kai kuka. Mai hali da yawa da ba ya tsoron sammaci yana tsoron a ambaci sunansa a fada a kan kuɗin katanga.

Akwai kuma wasu ma'aikata da na ajiye don su zo a nan. Ranar 15 ga Yulin 2025, da aka yi jana'izar Shugaba Buhari a gidansa na Daura, duniya ta ga shugaban ƙasa da gwamnoni da sarakuna da baƙi daga ƙetare, an kuma jera sunayensu a kowace jarida. Kafin isowarsu duka, wasu mutane sun riga sun duƙa da diga da shebur sun gyara makwancin. Haka yake ga kowa, mai mulki da talaka. A maƙabartunmu da yawa masu wannan aiki dattawa ne, ana tashin su da tsakar rana ko da asuba, ƙasar rani kuwa tauri gare ta kamar dutse, kuma da yawansu ba su da wani tsayayyen albashi sai abin da masu gawa suka miƙa musu in sun tuna. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar nan. Ƙidaya masu haƙar kabari na kowace gunduma aikin mako guda ne, sanya su a cikin lissafin albashi da saya musu kayan aiki kuma ba zai girgiza baitulmalin kowace ba. Kansila ɗaya ya isa ya kawo batun a zaman majalisa kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi.